Yadda Babban Yatsana Ya Shiga Littafin Sarakuna

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ba wasu ƙafar tafiya, ya ba wasu bakin ba da labari, ni kuwa ya haɗa mini duka biyun don ya san ba zan yarda da ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa.

Bayan haka, ni ce Gwamma, matar marigayi Cindo, mai masaukin fatake a Mashigin Tsamiya, can inda Kogin Toka ke rabuwa biyu kafin ya faɗa Teku Mai Nauyi. Da girmana na koyi rubutu, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, ni ina da aiki.

Cindo bai bar mini ɗa ba, bai bar mini garke ba. Gida ya bar mini, mai zaure da rijiya da tsamiya a ƙofa, da shi nake ci, a cikinsa nake son a yi mini wanka in ranar ta zo. Mutanen mashigi kuwa sun san ni. Dillalan shanu kan sauya hanya in sun hango ɗankwalina.

Wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida na ji ana ƙwanƙwasa bangon zaure kamar mai neman gara. Na fita na tarar da wani dogo da igiyar awo a wuya, yana yi wa bangon alama da alli.

Na ce, "Malam, lafiya? Bangon ya zage ka ne?"

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, aiko ni aka yi. Bayan damina za a kwance gidan nan a kai shi tsibiri. Alama nake yi don kada a ruɗe wurin mayarwa."

"Gidan wa?"

"Gidan Tanimu Mai-Jirage. Yana cikin littafinsa."

Na kore shi da muciya. Amma da na je wurin tsofaffin gari sai na ga kowa ya sunkuyar da kai, suka tuna mini abin da duk muka manta.

A zamanin kakanni an yi wani sarki, Damisa, wanda bai yi yaƙi da baka ba. Yawo yake yi ƙasa ƙasa da mai zane a bayansa, duk abin da mai zanen ya sa a littafin tafiyarsa ya zama na sarki. Ƙasashen gaɓar teku duka suka amince da dokar, don sun ga a zana gari ya fi a ƙone shi sauƙi. Sai dai da an ji mai zane ya doso, kowa ya rufe gidansa da tabarmi, ya kora shanunsa daji. Ranar da suka iso mashiginmu haka kowa ya yi, ban da Jatau, kakan mijina. Lokacin ya gama yaɓe gidan da makuba, ya ce shi bai sha wannan wahala don a lulluɓe ta ba. Ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofa, har yana ce wa mai zanen kada ya manta da rijiya da tsamiya. Dangin mijina ke nan. Allah ya jiƙansu, da su ɓoye kwalliya gara su rasa gida.

Sarki Damisa ya rasu, littafin ya yi ta wucewa daga wannan fada zuwa waccan a cikin akwati, ba wanda ya zo neman komai. Sai yanzu da ya faɗa hannun attajirin nan Tanimu, wanda kallon zane bai ishe shi ba. Shi so yake ya tara ainihin abubuwan a tsibirinsa.

Na ce to, duk abin da aka saya ana iya cinikinsa. Na bar wa maƙwabciyata mabuɗi, na ɗaure ƙunshina, na kama hanyar teku.

Ƙasar farko da na ratsa sunanta Lulluɓa. Su waɗannan tun zamanin Damisa ba su yarda an daina zane ba. Gidajensu a naɗe suke da asabari, bishiyoyinsu da buhuna, jakunansu na sanye da riga har ƙasa. Maza da mata kowa a cikin bargo yake, sai hudar ido. A kasuwarsu ƙarƙashin mayafi ake sa hannu a laluba, mutum ya sayi kabewa ya je gida ya tarar tulu ne. Na tambayi wata mata yadda suke gane mazajensu, ta ce da tari.

A ƙofar birni masu gadi suka kwance ƙunshina. Ɗayan ya zaro 'yar kwalbar tozalina da tsinkenta, sai ya ƙwalla ihu.

"Tawada! Ga alƙalamin ma! Mai zane ta shigo gari!"

Kan ka ce me, kasuwa ta watse, barguna na karo da juna. Aka ja ni gaban alƙali. Na duba ban ga kowa ba sai tulin barguna a kan buzu, can tulin ya yi gyaran murya.

"Baiwar Allah, hukuncin mai zane a nan shi ne a ɗinke shi cikin buhu a ajiye a rumbu har ya manta kamannin duniya. Kina da magana?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, kwalli ne na ido."

"Ta amsa da bakinta. Har idonta take zanawa. A kawo buhu da basilla."

Na ga gaskiya ba za ta fitar da ni ba. Can ƙasan bargunan kuwa babban yatsan ƙafarsa ya leƙo. Na fizge tsinken daga hannun mai gadi, na kifa ƙwaryata, na yi 'yan karce-karce a bayanta. Ni da ban taɓa zana ko kaza ba. Abin da ya fito, ko ƙadangare ne ko tukunya mai ƙafa, har yau ban sani ba.

Na ɗaga ƙwaryar na ce, "An gama. Ga ka nan, Malam. Daga yatsa nake gane sauran."

Yatsan ya koma ciki da sauri, amma ina, an makara. Mutumin bai taɓa ganin fuskarsa ba tun da aka haife shi, da me zai ƙaryata ni? Tulin barguna ya hau rawa.

"Yanzu ni naki ne ke nan?"

"Kai da buzun da kake kai."

"Haba Gwaggo, a duba iyalina. Zan ba ki kaza."

"Alƙalin Lulluɓa guda a bakin kaza? Kai ba ka ji kunya ba, ni na ji maka."

Muka yi ta ja har rana ta take tsaka. Na tashi da jaki da rigarsa, da guzurin dabino, da mai rakiya har bakin teku. Da na miƙa masa ƙwaryar ya shigar da ita cikin bargo ya duba, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, don Allah, kunnuwan nan haka suke?"

Na ce, "Na ma rage maka."

Da na isa tashar jiragen Tanimu na tarar da abin da ya tsinka mini zuciya. Rabin gada a jingine, rumfar wata kasuwa a ɗaure kamar itacen girki, kuka guda da saiwoyinta a naɗe cikin tsumma, kowanne da alamar alli irin ta bangona. Na ce wa sarkin jirgi ina son haye. Ya ce ba a ɗaukar fasinja ko da nawa, abin da ke cikin littafi kaɗai ke hawa.

A gefe ga wani tsoho zaune a kan turmi, ba haƙori ko ɗaya, da alamar alli a goshi. Na gaishe shi na ce, "Baba, kai kuma wane bango ne?"

Ya ce, "Gagare sunana. Ina jariri aka zana kasuwar garinmu, uwata ta juya baya don ta ɓuya, ta manta ina goye. Ni kaɗai na fito, ina hamma."

Sarkin jirgi ya dafe kai. Ya ce tsohon nan ya zame masa ciwo, don Tanimu ba ya karɓar kaya sai sun yi daidai da zane, zanen kuwa a goye yake a bayan mace. Ya nemi mata duk tashar, kowace ta zage shi.

Na ƙare wa Baba Gagare kallo. Bai fi busasshen kifi nauyi ba.

Na ce, "In na goya shi na shiga littafi ke nan?"

"Kin zama abin ɗaukar kaya dai. Za ki hau."

"To ji sharaɗina. Wurin kwanana inda inuwa take, kan kifi nawa ne duk girki, kuma ba na goyo sai mai gida na kallo."

"Inna, kan kifi na sarkin jirgi ne tun da aka fara jirgi."

"To sarkin jirgi ya ɗaura zane ya goya shi."

Na ci kan kifi har muka sauka.

Teku Mai Nauyi sunanta ya bi ta. Gishiri ya yi mata yawa har jirgi ba ya nitsewa ko taƙi, a sama yake zama kamar faranti a kan tuwo, matuƙa na tura shi da gora. Tsuntsaye da ƙafa suke bin mu. Wani matuƙi ya faɗa, muka ji ƙum, ya tashi da ƙullutu a goshi.

Da tsibirin ya bayyana na sunkuya, tsoho ya hau, na ɗaure shi da majanyi. Ya kwantar da kai a kafaɗata ya ce, "Inna, a ba ni nono."

Na ce, "Ka sake, in sauke ka a tekun nan ka fasa baki. Kuma wallahi in na ji ɗumi a bayana sai na yaye ka yau."

Ya yi dariya har yana tari. Can kuma ya ce a hankali, "'Yar nan, jikokina ba su san inda aka kai ni ba." Na gyara majanyin.

Tsibirin Tattara babu irinsa. Ga hasumiyar wannan ƙasa kusa da marinar waccan, ga rijiyar da aka ciro da raminta amma ba ruwa, ga kasuwa cike da mutane ba a saye ba a sayarwa. Da an buga ƙararrawa alamar mai gida na tafe, kowa sai ya daskare yadda aka zana kakansa. Na ga wani ƙato da ƙafa ɗaya a sama yana korar akuya, akuyar ma an koya mata tsayawa. A ƙarshen layi kuwa na ga fili a share, an kafa turaku an ja igiya. Ban tambaya ba. Na san faɗin zaurena in na gan shi.

Tanimu ya iso a kan alfadari, ɗan gajere mai sanyin murya, da safar hannu ta alharini. Ya zagaya mu, ya ce wa tsoho ya yi hamma, tsoho ya yi. Ya ce madalla. Ni kuwa na kwance majanyi na dire Baba Gagare a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni ba abin ɗaukar kaya ba ce. Ni ce mai gidan Mashigin Tsamiya, ciniki na zo."

Na zaci zai sa a jefa ni teku. Sai ya yi murmushi. Ashe a tsibirin duka babu mai ce masa komai sai "haka ne", ya ƙosa ya samu wanda zai yi wa burga. Ya sa aka kai ni babban ɗakinsa, aka kawo mini doya da kifi cikin manja, ya aika a kira Ilu, Sarkin Dillalan Littattafai, wani siriri mai dogon hanci wanda in ya shaida littafi duk gaɓar teku ba mai musu.

Ina ci ina tayi. Na ce zan kawo magina su gina masa irin gidan sak, har da tsagar da ke bayan zaure. Ya ce shi na ainihi yake so. Na ce ya ɗauki ƙyauren ƙofa da guga, ya bar mini sauran. Ya ce rabin abu ba ya shiga tsibirinsa. Na ce ya bar shi inda yake, ya riƙa zuwa yana kallo, ni in dafa masa abinci kyauta. Kalmar nan ta kyauta sai da ta maƙale mini a wuya kafin ta fito. Ya girgiza kai.

Na ce, "To a yanke mini takardar da gidana ke ciki, ka faɗi abin da kake so."

Ilu ya dafe ƙirji, sai da aka yi masa fifita.

Tanimu ya ce, "Inna, ba ki san abin da kike magana a kai ba. A kawo shi ta gani."

Mutum huɗu suka shigo da shi a kan matashi, kamar amarya. Aka zare shi daga jakar karan-miski. Ni ba ma'abociyar littafi ba ce, amma na san fata, kuma ban taɓa ganin jima irin wannan ba. Ja ce kamar nunannen gauta, an buga mata zanen ganye da ruwan zinariya, bakin takardun ma zinariya, da maɓallan azurfa masu siffar kan damisa. Ƙamshinsa kamar na tsohuwar adaka da aka ajiye turare a ciki.

Tanimu ya buɗe da tsinken hauren giwa. A takardar farko ga hatiman sarakuna a jere, wani ja, wani baƙi, wani da shatin yatsa a gefe.

Ilu ya ce, "Kin ga darajarsa nan. Daga hannun Damisa zuwa yau, fatar talaka ba ta taɓa shi ba. Sarki ya ba sarki, sarki ya ba sarauniya. Ni na shaida haka da sunana. Shi kansa mai gida bai taɓa sa masa hannu ba safa ba."

Na ce, "Ka saya da dukiyarka, kuma ba ka isa ka taɓa ba? Allah ya kyauta."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da juyawa. Ga raƙuma kamar ƙwayar gero amma har gashin idonsu ana gani. Ga teku da shuɗin da ya fi na baban rini. Ga birane da na ratsa da waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. Na tashi da lomata a hannu na matso, na haɗiye, na goge hannun a zane yadda kowa ke yi.

Sai ga gidana.

Sabo fil, makuba na sheƙi, tsamiyar ba ta fi tsayin mutum ba. A ƙofa kuwa ga Jatau cikin babbar riga, ya turo ƙirji, ya karkata hula. Ban taɓa ganin Jatau ba. Cindo na gani. Hancin nan, da tsayuwar nan ta mutumin da ke jira a yaba masa. A kumatunsa akwai wani ɗan ɗigo baƙi, ko ƙura ko kashin ƙuda. Shekara da shekaru Cindo bai taɓa fita kasuwa ban tsayar da shi a zaure na share masa fuska ba, don kullum sai ya kwaso wani abu. Hannuna bai yi shawara da ni ba, sai ganinsa na yi a kan takardar yana sharewa.

Ɗigon bai fita ba. Amma a gefen takardar, inda na dafa, ga babban yatsana ya zauna daram, ja wur da manja, kowane layi ya fito.

Tanimu ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya.

"A sare hannun! A sare shi!"

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko an sare, shatin na nan."

"A kankare!"

"Manja ne. Ya riga ya ratsa. In aka kankare takarda ta huje."

"A yanke takardar!"

"Littafi mai giɓi? Wa zai kalle shi?" Ilu ya zauna a ƙasa daɓas. "Mutum huɗun nan sun gani. Kafin jirgi ya juya duk gaɓar teku an ji cewa mai masauki ta dangwala masa yatsa. Daga yau sai dai a naɗe ƙosai da shi. Ni kuma sunana ya bi ruwa."

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma na daɗe a kasuwa, na san fuskar mutumin da kayansa ke shirin ruɓewa a hannunsa, ga kuwa irinta har biyu a gabana. Na koma na zauna, na jawo kwanon kifina.

Na ce, "Ni dai ban gane kukan ba. Wa ya ce muku talaka ce ta taɓa shi?"

Suka dube ni.

"Sarkin Dillalai, in da sarauniya ce ta dafa, me zai faru?"

Ilu ya share hanci. "Da daraja ta ƙaru. An daɗe ba a samu sabon hannu a jerin ba." Sai idonsa ya fara haske. "Ranka ya daɗe, ba a taɓa cewa ga girman ƙasar da ake bukata ba. Akwai sarki a jerin nan da dutse ɗaya ya mulka, shi da awakinsa."

Tanimu ya ce, "A naɗa ta yanzu. A ba ta wancan dutsen na bayan tsibiri."

Na ce, "A'a. Ni ba ƙadangaruwa ba ce. Sarauniyar da aka tsinta a kan dutsen aro, ko yaro ya san ƙarya ce. Ƙasata ga ta nan a takarda, inda yatsana ya nuna. Zaure, rijiya, tsamiya."

"Wannan nawa ne!"

Ilu ya ce, "In ya zama fadarta ya fita daga hannunka, ranka ya daɗe. Littafi ba ya cin fadar wanda hannunsa ke cikinsa. Haka aka yi wa duk na jerin."

"To na fasa."

Na ce, "Madalla. A miƙo mini takarda ɗaya in naɗe sauran kifin nan, tafiya zan yi."

Ya zagaya ɗakin, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya ce gida ban da rijiya. Na ce ƙasar da ba ruwa ba ƙasa ba ce. Ya ce to ban da tsamiya. Na ce a ina zan yi zaman fada? Da na ga ya fara laushi na ƙara da cewa sarauniya ba ta zama ba talakawa, a ba ni tsohon nan da na goyo.

"Shi kuma me zai yi miki?"

"Waziri. Ka ga ya iya hamma, rabin aikin ke nan."

Ya amince, yana haƙi kamar wanda ya yi dambe. Har na fara gyara ɗankwali, sai na ga ya tsaya ya ƙura mini ido, murmushin nan nasa ya dawo.

"Ilu, tuna mini. A duk jerin nan akwai wanda aka taɓa ji yana ciniki a kasuwa?"

"Subhanallahi, ranka ya daɗe. Mai sarauta ba ya tayi. Ba ya cewa a rage."

"To ki ji, Inna. Dillalai na da kunne a kowace kasuwa. Ranar da aka ji bakinki ya ce a rage, ko a kan barkono ne, kin nuna ke ba sarauniya ba ce. Littafina ya lalace, na sani, amma ni kuma a ranar zan aiko a kwashe gidan har ƙasar da ke ƙarƙashinsa."

Jama'a, alƙalin Lulluɓa da buhunsa bai tsorata ni haka ba. Ni Gwamma, a faɗa mini kuɗin abu in miƙa kamar baƙuwa? Na dubi takardar. Mutumin nan na tsaye a ƙofa da karkatacciyar hularsa, yana jira.

Na ce, "Na karɓa."

Aka yafa mini alkyabba mai warin adaka, aka buga tambari, Ilu ya sa safa ya rubuta a ƙarƙashin shatin manja: Sarauniya Gwamma ta Mashigin Tsamiya. Na karanta da kaina, a hankali, ban bar harafi ko ɗaya ba. Muka hau jirgi ni da wazirina, kowa da ƙafarsa. Na aika wa jikokinsa, suka zo suka gan shi, suka ce ya bi su gida, ya ce shi yanzu ma'aikacin fada ne, sai dai su riƙa kawo gaisuwa.

Labari kuwa ya riga mu isa. Ranar kasuwar farko na fita sayen tukunya, na tarar duk 'yan kasuwa na washe baki kamar ranar salla. Mai tukwane, wani Ɗanlami da na sha sa shi rantsuwa, ya faɗi har ƙasa.

"Allah ya ja zamanin Sarauniya! Wannan tukunyar ai sai fada." Ya faɗi kuɗin da ko jaki aka saya da shi an yi tsada.

Maganar ta taso mini tun daga ciki, ta zo har bayan haƙora. Na datse ta. Waziri ya ajiye mini kujera, na zauna a gaban rumfar, na dubi tukunya, na dubi Ɗanlami.

Wata mata ta zo sayen kasko. Waziri ya ɗaga sanda. "Hattara dai! Ba a sallamar kowa Sarauniya na zaune ba a sallame ta ba."

Matar ta koma gefe. Wasu suka zo, suka koma gefe. Rana ta ɗaga. Mai tukwanen da ke daura da shi sai ciniki yake yi. Ɗanlami ya share gumi ya rage da kansa. Na dubi sama. Ya sake ragewa. Na ciro goro na ɓare, na ba waziri rabi ya tsotsa.

"Ranki ya daɗe, ko uffan ba ki ce ba!"

Waziri ya ce, "Sarauniya ta ji."

"Wallahi a haka ko kuɗin yumɓu ban mayar ba. Gwamma, ki ji tsoron Allah, da can ma ba ki kai ni nan ba!"

Na ci gaba da tauna gorona. Da la'asar ta kawo kai ya ɗauki tukunyar da kansa, ya ɗora murfi a kai gyara, ya bi mu da ita har zaure yana ƙunƙuni.

Nan hikayata ta tsaya, godiya ta tabbata ga Mai hanyoyi. Wanda ya biyo ta Mashigin Tsamiya ya sauka, akwai ɗaki, akwai ruwan sanyi. Kuɗin kwana kuwa yadda na faɗa haka yake, kada wanda ya ce a rage masa. Ba a ciniki da sarauniya.